Masul Biyu, Aljihu Ɗaya: Abin Da Dillali Ba Ya Faɗa Wa Mai Sayen Mota

A ƙasar nan ba a barin mota da sunan da kamfani ya raɗa mata. Da ta sauka daga jirgin ruwa a Legas ko Kwatano, kasuwa za ta yi mata laƙabi, laƙabin kuma ya biyo ta har gida. Toyota Camry ƙirar 2002 zuwa 2006 ita ce Big Daddy. Honda Accord ta 2003 ita ce End of Discussion, wato magana ta ƙare. Ita kuwa Camry da aka ƙera tsakanin 2007 da 2011, saboda cikar ƙirji da kumburin kafaɗunta, aka ce da ita Masul, kalmar Turanci da ke nufin ƙwanji. Duk wanda ya leƙa inda malamai ke ajiye motoci a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, ko a Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, ko bakin sakatariyar ƙaramar hukumar Kurfi, ba zai rasa ganin ta ba. Ita ce motar ma'aikacin da ya ɗan taka wani matsayi.

Sai dai a Amurka, inda akasarin waɗannan motoci suka fito, in aka ce masul ba Camry ake nufi ba. Can ana nufin wani jinsi ne na motoci masu ƙaton inji mai silinda takwas, waɗanda tayoyin baya ke turawa, aka kuma yi su don gudu da ruri. Ana danganta farkonsu da Pontiac GTO ta 1964, zamanin da fetur ke da arha a ƙasar. Da ƙasashen Larabawa suka hana sayar wa Amurka mai a 1973, kasuwarsu ta faɗi warwas, ba ta sake farfaɗowa sosai ba sai bayan shekara talatin, lokacin da Dodge Charger ta dawo da ƙirar 2006, Challenger ta biyo ta a 2008. A Disambar 2023 kamfanin ya tsayar da ƙera wannan zubi nasu. Tsofaffinsu ne yanzu ake gwanjonsu a can, suna shigowa Abuja da Kano ɗaya bayan ɗaya, har mun fara jin rurinsu a Katsina ranar ɗaurin aure ko hawan sallah. Waɗanda suka kwana biyu a hannu kuwa farashinsu ya sauko har ya kusa da na Camry, abin da ya sa wasu daga cikin matasan abokan aikina suka fara kallon su da idon sha'awa, suna tambaya ko akwai laifi.

Ni ba injiniya ba ne. Malamin jami'a ne da ya shafe shekaru yana bin hanyar Katsina zuwa Dutsin-Ma ta Kurfi cikin Camry mai silinda huɗu, mai kuma ɗabi'ar ajiye rasit da karanta littafin da ke zuwa da mota, wanda yawancinmu kan bari a aljihun dashbod har ya ruɓe. Abin da waɗannan shekaru suka nuna mini shi ne kowace mota farashi biyu gare ta: na ranar saye, da na kowane wata. Dillali na farkon ya sani, a kansa yake karɓar la'ada. Na biyun kuwa kai da iyalinka za ku biya shi, kuma sau da yawa daga kuɗin makarantar yara ake cire shi.

Mu fara da tamu ta gida. Camry Masul da aka fi samu ita ce mai injin lita 2.4, wanda kamfanin ke kira 2AZ-FE, mai ƙarfin doki 158. Inji ne mai juriya, amma na shekarun 2007 zuwa 2009 yana da wata cuta da ya zo da ita tun daga masana'anta: shan baƙin mai. A jikin kowane fistin akwai ringin da aikinsa shi ne share mai daga bangon silinda, ya mayar da shi ƙasa ta wasu ƙananan ramuka. In ramukan suka toshe da dauɗar ƙonannen mai, ringin ya kan maƙale, man ya haura ya ƙone tare da fetur. Ba lallai ka ga hayaƙi ba, ba kuma za ka ga ɗigo a ƙasa ba. Sai dai ka zaro geji ka tarar mai ya ja baya. Wannan ba zargi ba ne na bakin gareji. Toyota da kanta ta fitar da sanarwa ga masu gyaranta a 2011, daga baya kuma ta tsawaita garanti a Amurka zuwa shekara goma ko mil 150,000, tana canza fistin da ringi kyauta ga motar da aka gwada aka ga tana shan kusan lita ɗaya a ƙasa da kilomita 2,000. Wa'adin ya ƙare tuntuni, kuma ko da bai ƙare ba, bai taɓa ƙetaro teku ba.

Mai karatu ya yi lissafin da kansa. Injin yana ɗaukar lita huɗu da ɗan ɗori. In yana shan abin da aka ambata, kai kuma sai bayan kilomita 5,000 kake yin juye, ba ka duba geji a tsakani, to kafin ranar juyen fiye da rabin man ya tafi. Jar fitilar mai da ke kan dashbod ba ta faɗa maka mai ya ragu. Ba ta kamawa sai ƙarfin harba man ya faɗi, lokacin da ɓarna ta riga ta fara. Yawancin Masul ɗin da na ga an sauke wa inji ba gudu ya kashe su ba, ƙishirwa ce.

Maganin da aka fi ba mutum a gareji shi ne a zuba mai kauri, 20W-50, wai ya fi dacewa da zafin ƙasarmu. Murfin injin kuwa a rubuce yake 5W-20 ko 0W-20. Gaskiya mai kauri ya kan rage shan, amma rufe ciwo ne da tsumma. Injin yana da na'urar da ke sauya lokacin buɗewar bawul, wadda matsin mai ke sarrafawa ta ƙananan hanyoyi, kuma da sanyin asuba a watan Janairu mai kauri ba ya isa can da wuri. A nawa ganin, wanda zafin Afrilu ya tsorata zai iya hawa mataki ɗaya zuwa 5W-30 mai kyau, ya tsaya nan, ya kuma riƙa duba geji duk Juma'a. Gyara na haƙiƙa biyu ne: ko a buɗe injin a sa sabon fistin da ringi, ko a sayo wani injin na Beljiyam. Na farko yana buƙatar hannun da ya san awo, ba mai ɗaure noti da ƙarfin damtse ba, domin jikin injin na alminiyam ne, zaren notinsa kuma ya kan zame. Na biyu caca ce: injin da ka sayo daga Ƙofar Ruwa a Kano ko Ladipo a Legas, in na waɗancan shekaru ne, yana iya zuwa da cutar da ka gudo mata. Ƙirar 2010 da 2011 mai injin lita 2.5 ba ta shahara da wannan matsala ba, kuma bambancin kuɗin da ke tsakaninsu a wurin saye ya fi sauƙi a kan sauke inji.

Nawa ne kuɗin gyaran? Duk adadin da na rubuta yau, kafin jaridar nan ta tsufa ya canza, domin kayan mota da dala suke tafiya. A farkon 2023 dala tana wajen naira 750 a kasuwar bayan fage; zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Abin da ɗan kasuwa ke sayowa a kan dala ɗari ya tashi daga naira 75,000 zuwa sama da 150,000 kafin a sa kuɗin fito da na mota da riba. A wannan tsakani ƙarin albashin da aka amince wa ma'aikatan manyan makarantun tarayya kashi 25 ne zuwa 35 cikin ɗari. Wanda ya rayu cikin yajin aikin 2022, wata takwas babu albashi, ya san yadda mota ke komawa ɗakin kaji a tsakar gida in aljihu ya bushe.

Akwai sauran ƙananan halaye nata. Dashbod ɗinta ya kan narke a rana ya yi danƙo, ya riƙa ƙyalli a gilashi har ya hana gani. Shi ma kamfanin ya amsa laifinsa a can. Famfon ruwanta ya kan fara tsiyaya. Mai silinda shida, wadda ke da lita 3.5 da ƙarfin doki 268, ta fi daɗin tuƙi nesa ba kusa ba, amma a ƙirar farko akwai wani bututun mai da ke da gaɓar roba, wanda in ya fashe man inji kan zube cikin mintoci. Mai saye ya tabbatar an canza shi da na ƙarfe zalla. Fulogi uku na bayan injinta kuma ba a kai musu sai an cire wani sashe na saman injin, don haka malalacin bakanike kan canza ukun gaba ya karɓi kuɗin shida. Giyarta, kamar ta mai silinda huɗu, tana da nata man na musamman mai alamar WS. Jan man da ake sayarwa a galan ba suna ba adireshi ya lalata giya da yawa.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne al'adar da ake yi wa kusan kowace mota da ta shigo Arewa: a cire tamostat, a haɗa fanka kai tsaye, a zubar da ruwan sanyaya inji mai launi a cika lagireto da ruwan rijiya. Hujjar ita ce wai an yi waɗannan abubuwa ne don ƙasar ƙanƙara. Alhali a jihohin Arizona da Texas ana zafin da ya kai namu, kuma da tamostat ɗinsu suke yawo. Injin da bai kai zafin da aka tsara masa ba, kwamfutarsa kan ɗauka har yanzu safiya ce, ta yi ta ƙara masa fetur. Man ya ƙaru a sha, ya wanke bangon silinda, ringi ya ƙara lalacewa. Ruwan rijiya kuma yana tafasa da wuri, yana barin gishiri da tsatsa a cikin lagireto. Ranar da mota ta yi zafi a kan hanya, gasket ya ƙone, kan inji ya lanƙwashe, sai a ce ƙaddara. Ƙaddara gaskiya ce, amma wannan da hannu aka shuka ta.

To, in wannan ne halin Camry, motar da kowane yaron gareji a Dutsin-Ma ya san cikinta kamar tafin hannunsa, wadda kayanta ke rataye a kowane shago, ina ga masul ta ainihi?

Injin Hemi mai lita 5.7 da ke cikin Charger da Challenger silinda takwas gare shi, kowace silinda kuma fulogi biyu, wato sha shida ke nan a sabis ɗaya. Yana ɗaukar baƙin mai fiye da lita shida da rabi. Masu giya mai sarrafa kanta suna da wata dabara ta kashe silinda huɗu in ana tafiya a hankali, don rage shan fetur, dabarar kuma da matsin mai siriri take aiki. A zuba mata 20W-50 ɗinmu, an gama da ita. Sanannen ciwon wannan inji shi ne lalacewar ƙananan ƙarafan da ke ɗaga bawul. Yana farawa da wani ƙas-ƙas kamar agogo, wanda mai sayarwa zai ce maka ai haka kukansu yake, ya ƙare da cinye sandar kam. Gyaransa sai an sauke kawunan injin. An fi ganinsa a motocin da suka daɗe suna aiki a tsaye, kuma a nan ne tarkon yake: 'yan sandan Amurka sun yi amfani da Charger da yawa wajen sintiri, suna barin ta a kunne sa'o'i, in ta tsufa a yi gwanjonta. Awon kilomita ba ya nuna waɗannan sa'o'i. Ƙara da ƙafafun gabanta masu saurin sakin jiki, da akwatin rarraba wutarta da kan rikice ya sa mai rewaya ya yi ta yanke waya yana laluben duhu, da manyan tayoyi masu siririn gefe waɗanda rami ɗaya kan kumbura su ya lanƙwasa rim. Cikinta kuma kusa yake da ƙasa, ba a yi shi don tudun rage gudun da kowane gari ya gina wa kansa a kan hanyarmu ba.

Sai fetur. Abin da ya durƙusar da waɗannan motoci a ƙasarsu a 1973 shi ne ya same mu ranar 29 ga Mayun 2023, da aka janye tallafin mai: lita da ke ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, zuwa Oktoban 2024 ta wuce 1,000. Daga Katsina zuwa Dutsin-Ma kimanin kilomita 60 ne. Wanda ke zuwa ya dawo kwana ashirin a wata ya ci kilomita 2,400. Bisa awon hukumar kare muhalli ta Amurka, Camry mai lita 2.4 tana shan wajen lita tara da rabi a kilomita ɗari, Charger mai Hemi kuma wajen sha biyu da rabi. Bambancin ya haura lita 70 a wata. In lita tana naira 900, wannan kaɗai ya kusa mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024. Awon nan kuwa na sabuwar mota ne a kan titi mai santsi, ba na wadda ta shekara goma sha biyar ba, aka cire mata tamostat, aka fasa salansarta aka ƙwaƙule abin tace hayaƙin da 'yan gareji ke kira indomi don sayar da ƙarafa masu tsada da ke cikinsa. Kuma babu wanda ke sayen irin wannan mota don ya taka totur a hankali.

Akwai wani lissafi da ba ya cikin littafin kamfani, wanda mu mazauna wannan yanki ba ma buƙatar a yi mana bayaninsa. Kurfi da Dutsin-Ma da Safana da Batsari da Ɗanmusa sun ga abin da suka gani daga 'yan bindiga. A Oktoban 2023 har ɗalibai mata biyar na jami'ar aka ɗauke daga gidan da suke haya a cikin gari. A wani wuri, mota ta tsaya a hanya ɓata lokaci ne. A nan, ta tsaya maka bayan la'asar sakaliya tsakanin gari da gari, da mata da yara a ciki, magana ce ta rai. Camry in ta tsaya, akwai yiwuwar ɗan acaɓa ya ɗauko maka bakanike daga Kurfi ya tashe ta kafin magariba. Charger in ta tsaya, sai motar ja. Ban da haka, motar da ake jin rurinta tun daga nesa, wadda babu irinta biyu a ƙaramar hukuma, sanarwa ce ta inda kake da lokacin da kake wucewa, a zamanin da kowa ke tsoron masu kai rahoto. Iyayenmu da suka hau Peugeot 504, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975, ba don kyanta kaɗai suka so ta ba. Tana da tsayi daga ƙasa, kuma ko a wane ƙauye ta tsaya akwai mai tashinta.

Ba na so a fahimci cewa laifi nake ɗora wa bakanikai. Yawancin manyansu a kan kafireto suka koyi aiki, da kunne da hanci suke gano ciwo, kuma sun riƙe motocin ƙasar nan da rai shekara da shekaru da kayan aikin da ba su taka kara sun karya ba. Motar yau kuwa kwamfuta ce mai taya huɗu, ba ta faɗin ciwonta sai ga wanda ya jona mata na'urar bincike ya kuma iya karanta abin da ta ce. Inda babu wannan, sai gyaran canke: a canza fulogi, bai yi ba a canza nozul, bai yi ba a ce birenbos ne, mai mota yana biya a kowane zango. Na taɓa zama a wani gareji na ga an sauya wa wata mota abubuwa uku masu tsada, daga ƙarshe aka gano ƙurar hunturu ce ta rufe wata 'yar na'urar auna iska da ke bayan filta, wadda fesa mata abin wankewa ya isa. Da gwamnatin jiha da makarantun fasaha irin Kwalejin Hassan Usman da ke Katsina za su shirya wa masu gareji gajerun kwasa-kwasai da Hausa a kan wannan na'ura, su kuma sauƙaƙa musu mallakarta, da kuɗin da ma'aikata ke zubarwa a canke ya ragu ƙwarai. Mu masu motoci ma da namu: mu ne ke cewa a sa na arha, mu ne ke ƙin biyan kuɗin bincike muna ganin ai ba a taɓa sifana ba.

Wanda duk ya ƙudura sai ya saya, kowace ce daga cikin biyun, to kada ya je ganin mota da rana tsaka bayan an ɗumama ta. Ya je da sassafe, ya taɓa injin ya ji shi da sanyi, a tashe shi a gabansa, ya saurara, ya kuma tsaya a baya ya kalli salansa. Ya lura ko fitilar gargaɗin inji tana kamawa in an murɗa makulli kafin ta mutu, domin akwai masu cire ƙwanta. Ya kwafi lambar jikin motar mai harafi da alƙaluma 17 da ke ƙasan gilashin gaba, ya biya 'yan kuɗi a binciko masa tarihinta a intanet. Da yawa daga cikin motocin da ke zuwa mana kamfanonin inshora ne suka sallama su bayan haɗari ko ambaliya, irin wadda guguwar Harvey ta yi a Texas a 2017, kuma motar da ta sha ruwa wayoyinta ba sa daina ciwo. Ya ɗaga kafet ya duba tsatsa da busasshen taɓo. Ya tantance takardun kwastan, domin a ranar 1 ga Janairun 2017 an hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, kuma motar da ta biyo ta bayan gida tana iya ƙarewa a hannun jami'ai a kan hanyar Kano.

Sannan, kafin ya ciro ko sisi daga bashin ƙungiyar ma'aikata, ya ɗauki takarda ya je shagon kayan mota ya tambayi kuɗin abu huɗu na wannan ƙirar: famfon ruwa, shokozoba ɗaya ta gaba, taya ɗaya, da giya sukutum. In mai shago ya miƙa hannu ya sauko da su daga kanta, ya rubuta farashin. In ya ce sai ya kira Legas, Legas kuma ta ce sai an yi oda daga Dubai, ya rubuta adadin makonnin a gefen farashin, ya ƙara da kuɗin motar haya daga Katsina zuwa Dutsin-Ma, zuwa da dawowa, na tsawon waɗannan makonni.